Yadda ake gasa farin kifi da haɗin ɗanyen ganye, da abin shan da ya dace da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar gashin kifin nan ta yi yawa, kuma in aka duba kusan kukan kowa iri ɗaya ne, wata ta ce nata mannewa yake a jikin wayar gashi, wata ta ce wajen juyawa yake farfashewa, wata kuma waje ya ƙone ƙurmus ciki ɗanye shakaf, toh yau dai bari mu bi shi daki-daki tun daga kasuwa har faranti. Da uwargida zan riƙa magana saboda sabo, amma maza masu son shiga harkar ku ma bismillah.

Abu ɗaya nake so ki riƙe kafin mu fara, farin kifi ba tsire ba ne. Yawancinmu hannun gashin nama muke kawo masa, wuta ganga-ganga, yaji tuli, a yi ta juyawa ana shafa mai, shi kuwa tsokarsa laushi gare ta kuma ba ta da kitsen da zai kare ta, mintuna kaɗan take buƙata, ɗanɗanonta kuma sanyi-sanyi ne, in kika tula mata kayan ƙamshi goma ba za ki ji kifin ba sam. Shi ya sa a wannan haɗin kifin kusan gishiri da mai kawai yake hawa wuta da su, sauran aikin ɗanyen ganye ne zai yi bayan an sauke.

Kayan da za ki tanada

Lissafin nan na mutum uku zuwa huɗu ne:

- kifi biyu masu kamar rabin kilo kowanne, ko gunduwa huɗu in babba ne
- fasili cikin hannu biyu
- daidoya cikin hannu ɗaya
- na'ana'a rabin cikin hannu
- lawashi ɗanye kara uku
- tafarnuwa ƙwaya uku
- koren attarugu ɗaya, biyu in gidan masu yaji ne
- lemun tsami huɗu
- mai cokali takwas na cin abinci, shida na haɗi biyu na shafa kifi
- gishiri da masoro
- albasa ɗaya

Kayan aiki kuma kurfoti ko duk wani murhun gawayi, waya, mafici, wuƙa mai kaifi sosai, almakashin kicin, tsumma mai tsabta ko tishu, da faffaɗan cokalin juya abu na ƙarfe. In kina da ragar nan mai baki biyu da ake maƙe kifi a tsakiya a juya gaba ɗaya, toh kin huta da rabin wahala, in babu kuma ki daure ki saya, sau ɗaya ake sayenta ta yi shekaru.

Maganar kuɗi, kifin ne ke cinye kusan komai. Giwan ruwa ya fi tsada nesa ba kusa ba, ragon ruwa na biye da shi, karfasa ita ce mai sauƙi. Ganyen na 'yan canji ne, daidoya da na'ana'a ma gidaje da yawa suna da su a tsohon bokiti. Inda mutane ke ɓarnar kuɗi shi ne man zaitun, ki ga an sayi kwalbar da ta fi kifin tsada don cokali shida. In akwai shi a gida madalla, in babu man gyaɗa mai kyau wanda ba a taɓa suya da shi ba ya wadatar, ni wallahi da daidoya ma na fi son man gyaɗan.

1. Zaɓen kifi

In an ce farin kifi ana nufin mai farar tsoka mara maiƙo da yawa. A na ruwan daɗi akwai karfasa, giwan ruwa wanda mutanen Yamai ke kira kapiten, da ragon ruwa. A na ƙanƙara akwai kuroka da fanla. Taitus da shawa ba sa cikin wannan lissafin, su masu mai ne, gashinsu daban. Tarwaɗa kuma tsaka-tsaki ce, tana gasuwa amma ta fi son yaji da wuta mai tsawo, zan taɓo ta a gaba.

Ga mai koyo karfasa nake ba da shawara, fatarta na jure wuta, ba ta da kauri sosai, in an samu akasi ma asarar ba ta da ciwo. Fanla kuwa ki ƙyale ta sai hannunki ya faɗa, laushinta ya yi yawa, a waya tsirara rugujewa take.

In kin je wajen mai kifi kada ki tsaya daga nesa kina nunawa da baki, matsa ki taɓa. Idon kifin ya zama garau a waje, ba wanda ya yi fari-fari ya lotsa ba. Ɗaga murfin kunnensa ki leƙa, cikin ya zama ja jawur, in ya koma ruwan ƙasa ko yana yauƙi ki ajiye. Danna bayansa da yatsa, tsokar ta dawo nan take, in shaidar yatsan ta zauna kifin ya kwana biyu. Sannan ki shinshina cikin, kifi sabo ƙamshin ruwa yake, ƙarnin da ke bugun hanci alamar daɗewa ce. Da sassafe ake samun na kirki, mutanen Yawuri da Argungu da na bakin dam ɗin Tiga sun fi mu sanin wannan, mu na cikin gari sai mu yi sammako kawai.

Gargaɗi kan na ƙanƙara: da yanayin wutar lantarkinmu kifi kan narke ya sake daskarewa a firiza fiye da sau ɗaya. In kika ga ƙanƙarar jikinsa ta haɗe da jini ta yi ja, ko kifayen sun manne da juna sun lanƙwashe, ki wuce gaba. Wanda kika saya kuma a firji zai kwana ya saki, ko ki ƙulle shi a leda ki tsoma a ruwan sanyi. Ruwan zafi dafa wajen yake ya bar ciki da ƙanƙara, daga nan gashin ya riga ya lalace.

2. Gyara da wanki

Ki ce wa mai kifin ya kankare ya fasa cikin amma ya bar kai da jela, kuma kada ya gunduwa karfasa, ɗungurungum ake gasa ta. Giwan ruwa shi ake yankawa, kowace gunduwa kaurin yatsu biyu a jere, wato wajen santimita 2 da rabi zuwa 3, kuma ki tsaya a kansa su zama kai ɗaya don su nuna tare.

In kin dawo gida ki sake bi, don ba sa gamawa. Ki cire jajayen abin nan na cikin kunne tas, suna ɗaci. Cikin karfasa akwai wata baƙar fata siririya da ke manne da bangon cikin, ki goge ta da gishiri da yatsa har wajen ya yi fari, sannan ki duba jikin ƙashin baya daga ciki za ki ga layin daskararren jini, ki tsaga shi da bakin wuƙa ki wanke. Waɗannan biyun su ne rabin ƙarnin da ake kuka da shi. Ƙayoyin gefe da na baya ki datse da almakashi, musamman na ragon ruwa da tarwaɗa, sukarsu ba wasa ba ce.

In maɗaciya ta fashe wajen fasa ciki za ki ga kore-kore a tsokar, ki yanke wajen ki yar, wanki kaɗai ba ya fitar da ɗacin.

Wanki da ruwan sanyi da rabin lemun tsami, a ɗauraye nan da nan. Sai tsane shi, kuma nan ne mutane ke yin sakaci. Ki goge kifin ciki da waje da tsumma ko tishu har fatar ta daina sheƙin ruwa, in da hali ki bar shi a firji a buɗe na rabin awa. Jiƙaƙƙen kifi in ya hau waya turara yake ba gasuwa ba, kuma shi ne ke mannewa.

Daga nan ki tsaga shi a karkace sau uku kowane gefe, wuƙar ta taɓo ƙashi, kada ki yi tsagar kusa da jela sosai don wajen siriri ne zai bushe.

3. Gishiri da mai

Wannan matakin gajere ne. Gishiri wajen ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kifi mai rabin kilo, ki shafa a cikin tsagar da cikin ciki, ki barbaɗa dakakken masoro kaɗan, ki tura yankan lemun tsami biyu da 'yan karan fasili a cikin cikin, ki ajiye minti 15 zuwa 20. Dab da ɗorawa ki sake goge ruwan da gishirin ya jawo, sai ki shafe fatar da mai.

Kada ki jiƙa kifin cikin ruwan lemun tsami ki tafi harkarki. Tsami na dafa tsokar kifi ko ba wuta, in ya wuce rabin awa za ki ga ta yi fari ta fara sakin jiki, a kan waya sai ta zama gari. Haka kuma kada ki shafa masa markaɗen tattasai da tumatir kafin gashi, ruwa ne zalla kuma yana ƙonewa kafin kifin ya nuna. Dunƙule kuma ra'ayi ne, ni a wannan haɗin ba na sawa, in ba za ki iya ba sai da shi toh rabi, ki rage gishiri.

4. Haɗin ganyen

Ki yi shi ne lokacin da gawayi ke kamawa, ba tun safe ba. Irin wannan haɗin ba baƙon abu ba ne a duniya, mutanen Maroko na da nasu na kifi da suke kira sharmula, da koriyanda da fasili da tafarnuwa da lemun tsami, mu dai namu mun jawo daidoya da attarugu ne ciki don ya zauna a bakinmu.

Da farko wanki, kuma ki ɗauke shi da muhimmanci tunda ganyen nan ɗanye za a ci, ba kuma kowane lambu ake ba wa ruwa mai tsabta ba. Ki tsinke ganyen daga kara, ki zuba a roba mai ruwa da yawa da gishiri ko ɗan binega, minti biyar, sai ki tsamo ganyen da hannu daga sama, kada ki juye robar a matsami don yashin da ya kwanta zai sake komawa kansa. Ki ɗauraye sau biyu da ruwan da za ki iya sha, ki baza a tsumma ya bushe sarai. Ganye mai ruwa na sa haɗin ya tsinke ya yi lami.

Yanzu ga jerin yadda ake haɗawa, kuma jerin na da amfani:

Ki daka tafarnuwa da attarugu da rabin ƙaramin cokali na gishiri a turmi har su yi laushi, ki kwashe a kwano. Ki zuba mai cokali shida a kai ki juya. Sai ki yanka fasili da lawashi ƙanana-ƙanana ki zuba cikin man. Daidoya da na'ana'a su ne na ƙarshe a yanka, ki jera ganyen ki naɗe ki yanka sirara da wuƙa mai kaifi, sau ɗaya, kada ki koma kina sara a kai, kuma kina yankawa kina tura su cikin man. Dalili, daidoya da zarar ta ƙuje ta sha iska baƙi take yi, man ne ke rufe ta. Ruwan lemun tsami cokali uku kuma sai kin ɗora kifi a wuta za ki matsa a ciki, don in ya daɗe da ganyen koren ya dushe ya koma kalar ƙasa.

Bilenda fa? Na san ita ce tambayar. Za ta yi, amma abin da za ki samu kunun ganye ne mai kumfa, kuma daidoyar na ɗan yin ɗaci. In dole ne ki danna ki saki sau huɗu ko biyar kawai, da man a ciki, ba ruwa. Ni dai wuƙa nake bi, minti goma ne, kuma daɗin haɗin yana wajen jin ganyen a haƙori ɗaya bayan ɗaya.

Ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji gishiri da tsamin sun ɗan fi ƙarfin yadda za ki sha da cokali, saboda kifin zai janye. In tsami ya yi yawa ƙara mai, in ya yi nauyi a baki ƙara lemun. Daidoya kada ta wuce rabin fasili, tana da ƙarfi, in ta yi yawa sai abin ya koma ƙamshin farfesu. Wanda ke son koriyanda zai iya maye rabin fasilin da ita, amma ki tambayi mutanen gidan tukuna, akwai waɗanda a bakinsu sabulu take.

Ki ɗebi cokali biyu a wani ɗan kwano daban don shafawa a wuta. Duk cokali ko buroshin da ya taɓa ɗanyen kifi kada ya koma cikin babban kwanon, wancan ba zai ga wuta ba.

5. Haɗa wuta

Gawayi mai nauyi na icce mai tauri ake so, mara nauyin nan tartsatsi yake ya mutu da wuri. Ki hura da ƙirare ko takarda. Leda da roba kada su zo kusa, kananzir kuma in kin sa toh sai ya ƙone tas, kifi na ɗaukar wari fiye da nama. Ki bar gawayin minti 20 zuwa 30 har harshen wuta ya kwanta, garwashin ya yi ja, farar toka ta lulluɓe shi. In har kina ganin baƙin gawayi da hayaƙi lokaci bai yi ba.

Sai ki ture garwashin, kashi biyu cikin uku a gefe ɗaya, ɗayan gefen ki bar 'yan kaɗan. Wannan gefen mai sanyi shi ne mafakarki in wuta ta tashi. Tsakanin garwashi da waya a samu kamar faɗin tafin hannu. Ki ɗora hannu sama da wayar ki ƙirga, in kin kai huɗu ko biyar kafin ki janye ya yi daidai, in biyu ma ba ki kai ba ki jira ko ki ɗaga wayar da duwatsu.

Wayar ta yi minti biyar a kan wuta ta ɗau zafi, ki kankare duk wani tsohon ƙauri, sai ki raba albasa biyu ki soka cokali mai yatsu, ki tsoma a mai ki goge wayar da ita sau biyu ko uku. Waya mai sanyi ko mai datti ita ce babbar mai riƙe fatar kifi.

Gargaɗi babba: gawayi a tsakar gida ko waje mai iska ake hura shi. Kada sanyin hunturu ko ruwan sama ya sa ki shigar da kurfoti ɗaki ko kicin ki rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa.

6. Gashin kansa

Ɗora kifin a gefen mai zafi, kan ya fuskanci inda wuta ta fi ƙarfi tunda can ne kauri, jelar ta kalli gefen sanyi. Ya kamata ki ji cuuu nan take. Daga nan ki cire hannunki. Kada ki matsa shi, kada ki ɗaga ki leƙa, kada ki danna da cokali. Da farko fatar kama wayar take, in ta gasu ta yi ƙauri da kanta take saki, duk wanda ya taɓa a tsakanin nan shi ya yage ta.

Karfasa mai rabin kilo minti 6 zuwa 8 a gefen farko, 5 zuwa 6 a na biyu. Gunduwar giwan ruwa minti 4 zuwa 5 kowane gefe. Ƙa'idar da masu girki ke bi ita ce kusan minti 10 gaba ɗaya ga kowane kaurin santimita 2 da rabi, amma wuta ta bambanta, agogo taimako ne kawai, idonki ne alƙali.

In lokacin juyi ya yi ki zura cokali mai yatsu ta tsakanin wayoyin ta ƙasa ki ɗan ɗaga gefen bayan. In ya taso ba gardama sai ki zura faffaɗan cokalin ki mirgina shi ta kan bayansa zuwa wani sabon wuri a wayar, ba ɗagawa sama za ki yi ki kifa ba. In ya ƙi tasowa ba shi minti ɗaya. Juyi ɗaya tak ake yi. Mai raga mai baki biyu ita kam kifawa kawai za ta yi, amma ita ma ta shafe ragar da mai kafin ta maƙe kifin.

In mai ya ɗiga wuta ta tashi, ja kifin gefen sanyi har ta kwanta. Kada ki yayyafa ruwa, toka ce za ta tashi ta bi kifin. Mafici kuma na farfaɗo da garwashi ne in ya yi sanyi, ba a yi ta fifita ba tsayawa.

Saura minti biyu a sauke sai ki shafa cokali biyun nan da kika ware a saman da ya riga ya gasu. In kika shafa tun farko tafarnuwar ƙonewa za ta yi ta yi ɗaci, ganyen ya zama baƙi.

Tarwaɗa da fanla ki naɗe su a foyil da yankakkiyar albasa a ƙasa, tarwaɗa matsakaiciya na cin minti 25 zuwa 30, a ƙarshe ki buɗe saman ta ɗan sha hayaƙi. Wadda ba ta da gawayi kuma oban ma na yi, ki bari ya yi zafi sosai a digiri 220, minti 18 zuwa 20 ba juyawa, ƙamshin hayaƙin ne dai ba za ki samu ba.

7. Yadda za ki gane ya nuna

Ki buɗe tsagar da ta fi kusa da kai da bakin wuƙa ki leƙa har jikin ƙashi. Tsokar ta zama fara sol tana rabuwa sala-sala tana barin ƙashin ba tare da ja ba. In wajen ƙashin na sheƙi kamar gilashi ko da ɗan ja, mayar gefen sanyi minti biyu. Mai ma'aunin zafi na girki ta soka a wajen kauri, digiri 63 ake nema.

Kifin ruwan daɗi ba a cinsa rabi-da-rabi, yana iya ɗauke da tsutsa, sai ya nuna har ƙashi. Amma kuma nuna daban bushewa daban, da zarar ya kai ki sauke, minti uku na ƙari sun isa su mai da giwan ruwa mai tsada ya zama abin da sai an kora da ruwa.

8. Zubawa

Ki sa a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen ya zauna a kai ba, ki bar shi minti uku ya huta, kada ki rufe da murfi fatar za ta yi laushi. Sai ki juya haɗin ganyen ki zuba rabi a kai da zafinsa, ki bi tsagar, zafin kifin ne zai tayar da ƙamshin. Ragowar a kai tebur kowa ya ƙara.

Abin ci da shi ya zama mara hayaniya, gasasshen dankali ko doya, soyayyiyar agada, farar shinkafa, sinasir, ko gurasa a ɗan ɗumama ta a gefen wayar a dangwali man haɗin. Yara kuma a zauna a cire musu ƙaya da hannu, ta karfasa ƙanana ce.

9. Abin sha

An tambaye ni wannan ma saboda duk inda aka ga girkin nan a wajen Turawa za a ga kofin abin sha a gefe. Su a Faransa da Italiya farar giyar inabi mara zaƙi suke haɗawa da farin kifi, irin su Sauvignon Blanc, da sanyinta. Mu wannan ba namu ba ne, amma abin da suke nema a ciki ba ɓoyayye ba ne, abu mai tsami, mai sanyi, mara sukari, mara nauyi, wanda zai wanke man daga baki ya sa loma ta gaba ta yi daɗi kamar ta farko. Wannan kuwa muna da shi a kicin.

Na farko a wajena ruwan lemun tsami da na'ana'a. Lemun tsami huɗu a lita ɗaya ta ruwan sanyi, sukari ko zuma cokali ɗaya ko biyu kacal, ki murza ganyen na'ana'a a tafin hannu ki jefa, in kina da ruwan soda ki yi rabi da rabi dab da sha. Kada ki matse ɓawon da ƙarfi, ɗaci yake saki.

Na biyu farin zoɓo, in kin samu a kasuwa. Tsaminsa a fili yake kuma bai da nauyin jan. Ki jiƙa shi a ruwan zafi maimakon ki yi ta tafasawa, ɗanyar citta kaɗan, ban da kanumfari da filebo, su ma danne kifin suke. Ruwan tsamiya tsararo shi ma ya yi, musamman da karfasa. Jan zoɓo mai kauri ki bar wa tarwaɗa mai yaji, ita ce ke iya tsayawa da shi.

Kunun aya da fura da yogot duk masu daɗi ne amma ba a nan ba, suna lulluɓe harshe sai ki daina jin ganyen. Lemun kwalba kuma sukarinsa ya yi yawa, kurɓa biyu kifin ya koma lami. Haka ruwan inabin nan mai gas da ake fasawa a biki, zaƙi ne da shi sosai, in shi kike so ki ɗauki farin ki sirka da soda da yankan lemun tsami, kuma ki karanta jikin kwalbar da kyau kafin ki biya, don kwalaben suna kama da juna a kanti, wani mai barasa ne.

Duk wanda kika zaɓa ki haɗa shi tun kafin ki hura wuta ya shiga firji, kifin ba zai jira ki ba.

In haɗin ganye ya ragu ki sa a kwalba mai murfi a firji ki cinye cikin kwana biyu, kada ki bar shi a waje tunda akwai ɗanyar tafarnuwa cikin mai, yana yi da dafaffen ƙwai ko dankali da safe. Ragowar kifin kuma kada ki mayar kan wuta, ki ɓare tsokar ki cire ƙaya ki juya cikin shinkafa mai zafi ko ki cusa a burodi da albasa.